Ranar da Inna Ta Tsallake Yayarta

In ka tambaye ni nisan Maraɗi da Yamai, sai in tambaye ka: ta sama ko ta ƙasa? Ni malamar lakol ce a Gazawa, na sha zana wa yara taswirar ƙasarmu a allo. Na san ta kwalta kilomita ɗari shida ne da ɗoriya mai kauri, ta sama kuma ɗari biyar da 'yan kai. Amma a gidanmu ba wanda ya taɓa auna hanya da kilomita. Inna, mahaifiyarmu, da gidajen da za ta tsaya take auna ta, kuma a hanyar yamma akwai gida ɗaya da ba a wuce shi ko ana ruwan ƙanƙara: gidan yayarta, wadda muke kira Iya Babba.

Iya Babba tana wani ƙauye a bakin kwalta, gab da shiga Gidan Rumji in ka fito daga Maraɗi. Can aka haife su su biyu. Uwarsu ta rasu Inna tana rarrafe, don haka Iya Babba ce ta raine ta, ta yi mata kitso, ta koya mata daka, har ta rako ta ɗakin aure nan Gazawa. Har yau da Inna ta yi furfura, jikoki cike da tsakar gida, ba ta hawa kujera in Iya Babba tana kan tabarma. Kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin an ce mota ta bi da Inna ta ƙofar gidan nan ba ta sauka ba.

Direbobin hanyar sun san ta. In ƙaramar mota ce, tun daga Tibiri take fara lallashin direba da goro: "Ɗana, in mun kai wurin tsamiyar nan ka ɗan taka birki, gaisuwa kawai zan yi in fito." Gaisuwar Inna kuwa! Fasinja su sauka su yi alwala, su yi salla, wani ya sayi rake ya shanye, ita tana ciki tana tambayar lafiyar awaki. In babbar bis ce wadda ba ta jiran kowa, sai ta sauka da kayanta gaba ɗaya, ta kwana, gobe ta tari wata. Na sha yi mata mita a kan haka, don ni Allah bai ba ni haƙuri ba, amma ko a jikinta.

Ana nan wata damina, lakol tana hutu, autarmu da ke aure a Yamai ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma ta zo da wuri, don shirinmu shi ne ta taho gida ta haihu a ɗakin Inna kamar yadda muka yi dukanmu. Mijinta, mutumin kirki mai aikin buro, wato ofis, ya kira ya ce Inna ta taimaka ta zo ta zauna da mai jego, ga suna ya matso. Ya san ciwon ƙugunta, ya san wuni guda a bis zai kwantar da ita, sai ya yanko mana tike biyu na jirgin sama daga Maraɗi, ita da ni 'yar rakiya. Wallahi na yi murna! Ranar na zagaye gidajen malamai 'yan'uwana kaf, wai sallama nake yi, alhali so nake kowa ya ji jirgi zan hau.

Inna ba ta nuna tsoro ba. Ba ta yin doguwar magana da suruki, don haka ni ta sa in tambaye shi abu ɗaya: jirgin daga ina yake tasowa? Ya ce wani lokaci daga Damagaram yake fitowa, ya sauka Maraɗi ya ɗebi mutane, sannan ya wuce Yamai. Da na gaya mata sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla. Ashe yana tsaye-tsaye." Da kunnena na ji wannan magana, ban kawo komai a raina ba.

Aka shiga shiri. Kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, surfaffen gero na kunu, duk ta ƙulle a buhu. Sannan ta juya kan guzuri: fura curi-curi, dakuwa, soyayyar kaza a kwano mai murfi. Na ce, "Haba Inna, tafiyar fa awa ɗaya ce da 'yan mintoci." Ta ce, "Haka direbobi suke cewa kullum." A gefe kuma ta ɗaure wani ƙunshi daban a shuɗin zane, goro da sukari da sabulu da turmin atamfa. Na ɗauka tsarabar surukai ce, na ma yaba mata.

Mun bar Gazawa ana sallame sallar asuba, muka bi ta Agye, hantsi bai ɗaga sosai ba muka shiga Maraɗi. Filin jirgin ba wani hayaniya, ba 'yan kamasho masu fizgar kayan mutum, ba mai tallan ƙosai. Na sha sabon leshina, ina tafe ina ɗaga kai kamar nan nake kwana. Muka je wurin da ake auna kaya, wani saurayi mai fara'a ya ɗora buhunmu a ma'auni, ya liƙa masa takarda. Da ya miƙa hannu zai ɗauki shuɗin ƙunshin, sai Inna ta dafe shi.

"A'a, ɗana, wannan kada ka cusa shi ƙasan kaya. Ka sa shi bakin ƙofa, a Gidan Rumji za a sauke shi."

Saurayin ya dube ni, na dube shi. Na ce, "Inna, wane Gidan Rumji?"

"Gidan Rumji nawa kika sani? Na aika wa Yaya tun shekaranjiya cewa yau muna tafe. In ya tsaya ɗaukar mutane sai mu hau kabu-kabu mu gaisa mu dawo, ba daɗewa zan yi ba."

Na ja ta gefe na ce mata jirgi in ya tashi daga nan ba ya sake taɓa ƙasa sai Yamai. Ta ce ƙarya nake, ai ni da bakina na ce yana tsayawa Damagaram, yana tsayawa Maraɗi. "Gidan Rumji ba gari ba ne? Ga perefe mai mulkin gari, ga jandarma, ga kasuwa." Na ce babu filin da zai sauka. Ta riƙe haɓa ta ce, "Fili? Duk dajin nan da ke bayan gari bai ishe shi ba?" Saurayin ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace masa, ya ce cikin ladabi, "Mama, gaskiya ta gaya miki. Ko shugaban ƙasa ne a ciki ba zai tsaya can ba."

Inna ta juya masa baya. Ta ɗauki ƙunshinta, ta je jikin bango, ta ajiye shi, ta zauna a kansa. Na san wannan zaman. Shi ne zaman da take yi in ta gama yanke shawara.

"Ki tafi ke kaɗai. Ni zan nemi mota in biyo ki."

Kai, ranar na harzuƙa! Na ce suna jibi ne, in ta bi mota ta kwana wurin Iya Babba, ta wuni a hanya, da wane ƙugu za ta yi wa auta wanka? Na ce suruki ya yi ɗawainiya, za mu watsa masa ƙasa a ido. Na ce mutane suna kallonmu. Na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Tsohuwar nan ta sa an share ɗaki. Tana jirana. In wuce ta kamar ban san ƙofarta ba? Wallahi kunyar duniya ba za ta bar ni ba."

Can muka ji ƙugin jirgin yana sauka. Lokacin zuwa Gidan Rumji a mota a dawo ya riga ya wuce. Dabara ɗaya ta rage mini: na ciro waya na kira matar ɗan Iya Babba, wadda take zaune da ita, na ce ta kai wa tsohuwa. Iya Babba kunnenta ya yi nauyi, in tana waya ihu take yi, kuma sai an buɗe murya take ji. Don haka duk wanda ke zauren nan ya sha labarin gidanmu. Inna na karɓar wayar ta zame daga kan ƙunshin ta durƙusa a kan siminti, harshenta ya juye Gobiranci kamar yadda yake yi duk lokacin da take magana da yayarta.

"Yaya, ina kwana?"

"Lahiya lau. Kun taso? Zabo na bisa wuta."

"Yaya, wata magana ce ta taso. Wai jirgin ba ya tsayawa."

"Direban ɗan wane gari ne? Ba ni shi."

Wani alhaji da ke zaune kusa da mu ya toshe baki da hularsa. Inna ta ce, "Ba a ganin direban, Yaya. Wai ta sama za shi bi, babu wurin sauka."

Sai muryar Iya Babba ta yi ƙasa. "Ta saman gidana ke nan. Ina zaune ƙasa, ke kina bisa kaina. Tsallake ni za ki yi?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma na ga Inna ma sai lokacin ta hango shi. A wurinmu ko yaro ne a kwance ba a tsallake shi, balle babba, balle wadda ta raine ka. Fuskar Inna ta yi wani iri. Ta ce, "In kin ce in fasa, na fasa, Yaya."

Ban san lokacin da na cusa bakina ba. Na ce da ƙarfi, "Iya, auta tana can ita kaɗai da ɗanyen jiki, ko mai dama mata kunu babu!"

"Wa ya sa da ke, sarkin baki?" in ji Iya Babba. Zauren ya kwashe da dariya, ni kuwa na tsuke bakina. Ta yi ɗan tari, sannan ta ce wa Inna, "Tashi ki tahi. Ɗiyar can ta hi ni bukatarki yau. Amma ki tuɓe takalmi, kak ki bi ta kaina da takalmi. In kin zo daidai gidana ki leƙo ki gaishe ni yadda kika saba. Zan hito tsakar gida in tsaya."

"To, Yaya. Na yi alkawari."

Haka muka hau jirgi. Ƙarami ne, da manyan fankoki biyu a fukafukansa. Nan ilimin taswira ya yi mini rana: na lissafa tunda yamma muka nufa, Gidan Rumji zai faɗo ta hannun dama. Kujerunmu kuwa na hagu ne. Alhajin nan mai hula, Allah ya saka masa da alheri, ya tashi da kansa ya ba Inna kujerarsa ta jikin taga, ya ce, "Hajiya, zauna nan, ki gaishe mana da ita mu ma." Inna ta tuɓe takalmanta, ta naɗe su a gefen mayafi ta ɗora a cinya, ta gyara ɗankwali. Ma'aikaciyar jirgi ta ɗaura mata ɗamarar kujera, Inna ta sa mata albarka har da iyayenta.

Duk wannan jarumta kafin fankoki su fara juyawa ne. Da jirgin ya ɗauki ƙara ya zabura da gudu, kujera ta manne mana a baya, sai Inna ta damƙi wuyan hannuna ta runtse ido ta kama salati. Ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinmu. Ni kuwa na leƙa ta saman kafaɗarta. Na ga Maraɗi ta tsuke, na ga gero kore shar ko'ina, na ga gulbi ya miƙe da jan ruwa yana ƙyalli, ƙauyuka a gefensa birjik, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na girgiza ta.

"Inna, buɗe ido! Ga gulbi nan, mun kusa!"

"La'ilaha illallahu..."

"Inna, don Allah ki duba!"

Ina! Ko gezau. Jirgin ya ɗan karkata, ta ƙara ƙanƙame ni har farcenta ya shiga fatata. Kafin in sake magana gajimare ya rufe tagar fari fat.

Sai da jirgin ya daidaita, ƙarar ta lafa, aka fara turo keken ruwa da lemo, sannan Inna ta buɗe ido ɗaya, ta buɗe na biyun. Ta saki hannuna, ta sauke numfashi, ta yi gyaran murya irin ta mai shirin sallama a ƙofar gida. Ta ce mini, "To, in mun wuce Tibiri ki gaya mini in shirya."

Ma'aikaciyar ta iso kanmu da lemo, Inna ta tambaye ta ko Gidan Rumji da saura. Yarinyar ba ta san dawan garin ba, ta yi murmushi ta ce, "Ai Mama, mun baro shi tun ɗazu. Yanzu mun doshi wajen Ƙonni."

"Ƙonni?" in ji Inna. "Yaushe?"

A mota, daga Maraɗi zuwa ƙofar Iya Babba Inna takan ci goro guda ta tauna labari da maƙwabciyar kujera. Yau salati kawai ta yi, ashe har an wuce. Ta manna goshi a tagar tana waiwayen baya, ba abin da ake gani sai gajimare. Na ce ta yi gaisuwar yanzu mana, ai sama ɗaya ce. Ta ce, "Ana gaida mutum ta ƙeya?" Sai na ga hawaye yana bin kumatunta, ba sauti. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da na yi ta yi mata tsawa a zauren can. Lemon ma ba ta karɓa ba.

Kafin in gama nawa lemon aka ce mu ɗaure ɗamara za mu sauka. Ga Yamai, ga kogi shimfiɗe. Kazar guzuri ko murfinta ba a ɗaga ba. Inna ta sauko matakala ba takalmi, sai da siminti ya gasa mata tafin ƙafa ta tuna ta saka su. Suruki yana jiranmu baki har kunne, ya durƙusa ya ce, "Inna, kin ga ko azahar ba a yi ba. Ya hanya?" Ta ce, "Hanya ban gan ta ba, ɗana."

Suna ya yi kyau, ba laifi. Jinjirar mace ce, jajir, da gashi kwance luf. An yanka rago, an dama kunun kanwa, dangin miji sun cika gida, ni kuma na samu sababbin kunnuwa na ba su labarin jirgi har muryata ta dushe. Inna ta karɓi aikinta: tafasa ruwan wanka safe da yamma, gasa cibi, hana auta shan ruwan sanyi. Tana dariya in an yi abin dariya. Amma ni da na san ta na ga tuwo ba ya wuce mata loma uku, shuɗin ƙunshin nan kuma yana kusurwar ɗaki, ta hana kowa taɓa shi. Sau biyu matar ɗan Iya Babba ta kira don a yi barka, Inna ta ce a ce tana wurin wanka.

Na same ta a bayan ɗaki tana fifita wuta, na ce, "Inna, ki karɓi waya ki ce kin gaishe ta mana. Daga can sama wa ya gani? Ita da idonta ma ba ya gani sosai."

Ta ɗago ta harare ni. "Tsohuwa ta fito ta tsaya a rana saboda ni, in rufe ido in wuce, sannan in ɗora mata ƙarya a kai? Ke dai lakol ba ta ƙare ki da komai ba."

Na ce to ta faɗa mata gaskiya. Ta ce wannan ba maganar waya ba ce, magana ce ta a je a durƙusa. Ita kuma ba ta da halin barin mai jego sai an yi arba'in. Ta ci gaba da fifita wutarta, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke za ki je."

Na ce ai tike na na komawa na jirgi ne. Ta ce jirgi ya tsaya Gidan Rumji? Na yi tsalle na dire, na ce ƙafafuna kumbura suke yi a bis, na ce maigidana zai zo tarbata a filin jirgi, na ma riga na gaya wa malamai ranar da zan sauka. Ta ce, "Su tarbe ki a tasha." Suruki ya yi dariya har da riƙe ciki, ya je ya yanko mini tiken bis. Har ga Allah na yi fushi, kuma fushin bai hana ni ɗaukar ƙunshin ba.

Mun tashi da asuba. Hanyar da muka shanye kafin lemo ya ƙare, ranar na biya ta da gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya. Doso muka karya, Dogon Dutsi rana ta fara cizo, Ƙonni muka yi azahar ƙafafuna sun cika takalmi. Matar da ke kusa da ni ta ba ni tarihin kishin surukarta tun daga farko, ɗanta ya yi barci a cinyata ya jiƙe mini zane. Wajen Galmi aka cusa buhunan albasa a ƙasan motar, muka ƙarasa tafiya cikin warinta. Ina zaune ina tsaki ina cewa a raina, bambancin hanyoyin nan biyu a taswira ɗan kaɗan ne, amma a ƙugun mutum wuni ne cur. La'asar ta yi sanyi sannan muka wuce Gidan Rumji, na hango tsamiyar. Na miƙe na buga jikin mota na ce akwai mai sauka, da irin muryar da nake jin kunya in Inna ta yi.

Matar ɗan Iya Babba ce ta tarbe ni a zaure, ta karɓi ƙunshin. Tun kafin mu shiga ta rage murya ta ba ni labari. Ranar nan, tana ajiye waya tsohuwa ta sa aka miƙa mata sandarta, ta fita tsakiyar gida ta tsaya. An kawo kujera ta ƙi, an ce ta koma inuwa ta ƙi. Injin niƙa ya tashi a bayan gida ta ɗaga kai sama, aka ce mata ba shi ba ne. Babur ya wuce ta ɗaga kai. Sai can suka ji ƙugi daga kudu, sama sosai, yara suka ce ga shi can kamar ɗan tsuntsu. Ba ta zauna ba sai da ƙarar ta ɓace gaba ɗaya. Jin haka ya ƙara mini nauyin saƙon da na ɗauko.

Na same ta a kan tabarma tana tsinke ganyen tafasa, 'yar ƙarama, ta ƙara tsufa. Na tuɓe takalmi da ƙyar na durƙusa. Ta shafa fuskata ta ce, "Sarkin baki ce? Ke ba ki bi ta sama ba?" Muka gaisa, ta tambayi mai jego, ta tambayi jinjira da wa ta yi kama, ta sa aka kawo mini ruwa. Na sha, na gyara durƙuso, na ce Inna ce ta aiko ni da ban haƙuri. Na faɗa mata yadda aka yi ban rage komai ba: takalmi ta tuɓe, taga ta samu, amma da jirgi ya tashi tsoro ya kama ta ta rufe ido, ba ta buɗe ba sai da aka wuce. Ba ta leƙo ba, ba ta yi gaisuwa ba. Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Iya Babba ta ci gaba da tsinke ganyenta. Na kuwa san in ta yi fushi ba ta ɗaga murya, shiru take yi. Can ta ce, "Kira mini ita."

Na kira wayar auta, na ce a kai wa Inna, na buɗe murya. Na ji lokacin da ta karɓa, na kuma san a durƙushe take ko ban gani ba.

"Yaya, ina wuni? Yaya, ki yi mini aikin gafara..."

"Ke, rufa mini baki. An ce ba ki cin tuwo. Don kin ruhe ido?" Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya. "Yo ai na sani za ki ruhe. Ke da ko ruwan gulbi ba ki iya kallo? Duk damina in za mu gona ƙetare ni nike goya ki, ki runtse ido ki shaƙe mini wuya, ba ki buɗewa sai na ce miki mun hita. Kin girma ne kika manta."

Tsohuwa ta ci gaba:

"Na ce ki gaishe ni don ki samu abin da za ki riƙe a rai ki hau, in ba haka ba da kina nan zaune bisa kaya har yau. Kin zaci gaisuwarki na hito jira? Na hito in tsaya miki ne har ki ƙetare. Ina jin ƙararshi na kama addu'a, ban bari ba sai da ta ɓace. Sannan na ce, to buɗe idonki, mun hita. Ke ce dai ba ki ji ba, kin yi nisa."

Daga can Yamai sai muka ji Inna ta fashe da kuka, kuka sosai irin na yara, tana cewa "Yaya, Yaya," ta kasa ƙarasawa. Ni ma na kifa kai a gwiwa, hawaye ya ƙi tsayawa.

"To, ya isa haka," in ji Iya Babba, tana laluben ganyenta. "Share hancinki ki je ki ci tuwo. Jinjira tana kama nono?"